Wa Ke Biyan Malam? Tarihin Albashin Malaman Allo da Islamiyya a Ƙasar Gumel

A yawancin garuruwan masarautar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa, yaro guda yakan zauna gaban malamai uku a yini ɗaya. Da asuba yana gaban alaramma da allonsa. Da hantsi yana ajin firamare. Bayan la'asar kuma yana Islamiyya, ana biya masa Tauhidi da Fiƙihu da Larabci. Dukansu ukun sunansu malam, kuma sau da yawa unguwa ɗaya suke kwana. Sai dai idan wata ya ƙare, na firamare ne kawai yake da tabbacin saƙon banki. Na Islamiyya, in ba ya cikin 'yan kaɗan ɗin da hukuma ta turo, jiran abin da iyaye suka haɗa yake yi. Alaramma kuwa ba shi da ƙarshen wata. Abin da yake da shi shi ne kuɗin Laraba da gonarsa da sadakar masu hali.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan bambanci a matsayin yadda aka tarar da duniya. Alhali yana da mafari. Akwai dokokin da suka haife shi, akwai shekarun da aka yi yunƙurin gyara shi, akwai kuma dalilan da suka sa kowane yunƙuri ya tsaya a hanya.

Kafin zuwan albashi

Gumel ba ta cikin masarautun da suka karɓi tuta daga Sakkwato. Mangawa ne suka kafa sarautarta wajajen 1750, kuma Borno ta riƙa bi. Wannan yana da muhimmanci ga tarihin karatu, domin Borno ce cibiyar haddar Alƙur'ani a wannan yanki. Har yau idan aka ce yaro ya tafi Gabas, an san karatu ya tafi nema, kuma ƙasar Gumel da ta Haɗeja suna bisa hanyar.

Sarakunan Borno suna da tsohuwar hanyar kyautata wa malamai, wadda ake kira mahram. Takarda ce da Mai yake bai wa malami da zuriyarsa, wadda take ɗauke musu haraji da aikin yaƙi, ta kuma hana hakimai taɓa dukiyarsu. Wasu malaman an ba su ƙasa, suka kafa garuruwa inda almajirai suke noma da damina, su yi karatu dare da rana. Abin lura shi ne mahram ba albashi ba ne. Sarki bai ɗauki malami aiki ba, ɗauke masa nauyi ya yi, ya bar shi ya ci da kansa.

Ƙaramin malamin ƙauye, wanda sunansa bai taɓa isa fada ba, jama'a ne suke riƙe da shi. Ran Laraba kowane yaro yakan kawo abin da ya sawwaƙa. Idan ɗalibi ya kai wata sura da aka saba yi wa sadaka, iyaye su kawo tuwo ko dabba. Ran sauka a yi wa malam riga da rawani. Da kaka a auna masa zakkar gero da dawa, da damina almajirai su nome masa gona. Malaman mazhabar Malikiyya tun da daɗewa sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, har ma Ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai inda ya yi bayanin hukuncin ladan. Ashe ke nan ba shari'a ce ta hana malam albashi ba. Tsarin ne aka gina shi a kan hatsi da zumunci maimakon baitulmali.

Tsarin yana da ƙarfinsa: malam ba ya jin tsoron hukuma, tunda ba ita take ciyar da shi ba. Yana kuma da rauninsa: duk shekarar da gero bai yi ba, makaranta ma ba ta yi ba. A ƙasa mai rairayi da gajeriyar damina irin ta Sule Tankarkar da Maigatari, wannan rauni ba ƙarami ba ne, shi ya sa ci-rani ya zame wa malamai da almajiransu dole.

Inda tallafin gwamnati ya samo asali

Dabarar cewa gwamnati ta taimaka wa makarantar da ba tata ba daga Ingila ta fito. A 1833 majalisar Birtaniya ta ware fam 20,000 don taimaka wa ƙungiyoyin addini biyu su gina makarantu. Daga nan aka kai dabarar Indiya, inda Turawa suka tarar da yanayi mai kama da na ƙasar Hausa: tsofaffin makarantun Sanskirit na Hindu da madarasun Musulmi, kowannensu yana koyar da harshen addini da littattafansa, jama'a da sarakuna na ɗauke da nauyinsa.

Da farko Turawan sun zuba kuɗi a irin wannan ilimi. Sun buɗe Madarasar Kalkata a farkon shekarun 1780, da Kwalejin Sanskirit ta Banaras a 1791. Amma a 1835 Thomas Macaulay ya rubuta shahararriyar takardarsa yana cewa ɓarnar kuɗi ce, a karkata su ga ilimi cikin Ingilishi. A 1854 takardar Charles Wood ta kawo sasanci wanda ya zama tsari: kowace makaranta, ko ta wane addini ce, tana iya samun tallafi muddin tana koyar da darussan zamani, ta yarda sufeton gwamnati ya shiga ya duba, kuma akwai masu kula da ita da za a iya tuhuma. Gwamnati ba za ta biya kuɗin koyar da addini ba, ba kuma za ta hana a koyar da shi ba.

Waɗannan sharuɗɗa su ne suka iso Legas. Dokar ilimi ta 1882 da ta 1887 sun shimfiɗa yadda makarantun mishan za su riƙa samun kuɗin gwamnati gwargwadon sakamakon jarrabawa da rahoton sufeto. Musulmin Legas suka ga ana karɓar kuɗinsu ana tallafa wa makarantun coci, suka yi ƙorafi, har gwamnati ta buɗe musu makaranta tasu a 1896, aka biyo da ta Epe da ta Badagiri. Tun a wannan lokaci tambayar ta bayyana: idan baitulmali na kowa ne, me ya sa wani malami yake ci, wani ba ya ci?

Yadda Arewa ta faɗa tsakani

A 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Gumel ma ta shiga hannunsu a shekarar, aka sanya ta cikin Lardin Kano. Yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Ingila da Faransa a 1904 da 1906 suka raba ta da Damagaram, Maigatari ta koma bakin iyaka. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma a aikace aka taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi.

Ƙididdigar Turawan da kansu ta nuna akwai makarantun allo kusan 25,000 a Arewa, da ɗalibai sama da 200,000. Babu wani tsarin ilimi a Najeriya ta wancan zamani da ya kai wannan yawa. Duk da haka ba su shiga lissafin tallafi ba. Dokar ilimi ta 1916 ta raba makin da ake ba makaranta kafin a ba ta kuɗi kashi huɗu: 30 cikin 100 a kan tarbiyya da tsari, 20 a kan isassun ƙwararrun malamai, 40 a kan jarrabawa da ci gaban ɗalibai, 10 a kan gini da tsafta. Makarantar da take zaure ko gindin bishiya, ba ta da rajista, ba ta da aji, malaminta ba shi da takardar shaidar da sufeto zai iya karantawa, ba ta da ƙofar shiga wannan ma'auni. Ba a rubuta a doka cewa an hana ta ba. An dai ɗinka rigar ne a jikin makarantar mishan.

A lokaci guda kuma tsohon ginshiƙin malam ya fara motsi. Turawa sun tattara haraje-harajen gargajiya, har da zakkar hatsi da sarakuna suke karɓa, suka mayar da su haraji guda da ake biya da kuɗi. Daga wajajen 1911 aka kafa baitulmali a kowace masarauta, inda sarki da alƙali da hakimai suka koma masu albashi, kuma kowane sule yana da layinsa a kasafin da Razdan yake sa wa hannu. Kyautar da sarki yake yi wa malamai a da, daga rumbunsa, ta zama abin da zai cire daga aljihunsa. Alƙali da limamin Juma'a sun samu shiga kasafi domin gwamnati tana bukatarsu. Malamin allo bai samu ba.

Makarantun boko na masarautu, tun daga wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ba na ƙungiyoyi ba ne. Yawancinsu na En'e ne, kuma daga baitulmali ake biyan malamansu. Nan girman masarauta ya shigo cikin magana. Baitulmalin Kano yana daga cikin mafi ƙarfi a duk ƙasashen da Ingila take mulka a Afirka, na Gumel kuwa ɗan ƙarami ne, gwargwadon yawan masu biyan haraji da jangali. Ko da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa wajajen 1930, ya buɗe wa gyaɗar yankin kasuwa, En'en Gumel ba ta da ƙarfin buɗe elementare da yawa. Don haka har zuwa samun 'yancin kai, mafi yawan 'ya'yan talakawan ƙasar Gumel ba su san wani malami ba sai na allo, wanda hukuma ba ta san da zamansa ba.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe. Domin a kwantar wa iyaye hankali, makarantun En'e sun ɗauki malamin Arabiyya mai koyar da Alƙur'ani da ibada. Shi ne malamin addini na farko da ya ci albashin hukuma a matakin firamare. Amma da yake ba shi da takardar horon malanta, a ƙasan ma'auni aka ajiye shi, ko da ya fi shugaban makarantar shekaru da karatu. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ce ta fara samar wa masu ilimin Larabci takardar da gwamnati take ganewa. Tun daga nan ƙa'idar ta kafu: hukuma takarda take biya, ba karatu ba.

Islamiyya da yunƙurin Sardauna

Makarantun Islamiyya amsa ce ga wannan ƙa'ida. A farkon shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokansa suka fara buɗe makarantu masu aji da benci da allon bango da jadawali, ana koyar da addini da Larabci haɗe da lissafi da karatun boko. Da yake yawancin masu wannan aiki 'yan NEPU ne, En'e ta dube su da idon siyasa, wasu makarantun ma suka gamu da tsangwama. Amma siffar da suka ɗauka ta dace da ma'aunin tallafi: ga rajista, ga manhaja, ga kwamitin da za a iya tuhuma.

A farkon shekarun 1960 gwamnatin Sardauna ta ɗauki maganar da muhimmanci. Ta kafa kwamitin ministoci, aka je Sudan da Masar da Libiya aka ga yadda suka yi da nasu makarantun Alƙur'ani, aka dawo da shawarar a tsara makarantun allo da na ilimi da na Islamiyya, a taimaka musu ta hannun En'e, a naɗa masu duba su. Dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kafa tsarin haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da En'e da ƙungiyoyi masu makarantu. A shekarar ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, wadda za ta iya tsayawa a matsayin uwar makarantun Musulmi kamar yadda mishan suke tsaya wa nasu. Wannan shi ne lokacin da Arewa ta fi kusa da samun tsayayyen tsarin tallafi ga malaman addini.

Bai daɗe ba. An kashe Sardauna a Janairun 1966, aka rushe Jihar Arewa a 1967, Gumel ta faɗa cikin sabuwar Jihar Kano, ƙasa kuma ta shiga yaƙi. Bayan yaƙi iska ta juya gaba ɗaya: maimakon gwamnati ta tallafa wa makarantun ƙungiyoyi, sai jihohi suka shiga karɓe su. Tsarin tallafi, wanda makarantun Musulmi suka yi rabin ƙarni suna neman shiga, ya rushe daidai lokacin da suka iso bakin ƙofarsa.

1976 da abin da ya biyo baya

Abubuwa uku sun faru a 1976 waɗanda har yau ƙasar Gumel take rayuwa cikin sakamakonsu. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a watan Satumba. An yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kawo ƙarshen En'e da baitulmalinta. An kuma buɗe babbar kwalejin horon malamai a Gumel, wadda yau ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa.

Duk wannan ya zo ne bayan farin 1972 zuwa 1974, wanda ya cinye amfanin gona da dabbobi a arewacin Kano da kudancin Nijar, kuma noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba. Manomin da ba shi da abin kai wa bakinsa ba shi da zakkar da zai auna wa malam. Malamai da almajirai suka ƙara yawan tafiya birane, ci-ranin watanni ya fara zama zaman shekaru, bara kuma ta tashi daga neman abin kalaci a unguwa ta koma babban abin da ke riƙe da makaranta.

Kuɗin man fetur na lokacin ya isa a ce an ɗauki malaman allo cikin lissafi. Ba a yi ba. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, hankalin gwamnati ya tafi ga gina azuzuwa da horar da malamai cikin gaggawa. Wasu masu ilimin Larabci sun samu shiga a matsayin malaman addini a sababbin makarantun, amma tsangaya tana nan inda take.

Shi kansa malamin firamare bai daɗe yana jin daɗi ba. Kundin tsarin mulki na 1979 ya sanya ilimin firamare cikin ayyukan da ƙananan hukumomi suke yi tare da jihohi. Gwamnatin tarayya ta janye hannunta, farashin mai ya faɗi, malamai a jihohi da yawa suka yi watanni ba albashi. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin 100 na albashi. A 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, aka rushe hukumar, aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, bashi ya dawo. A 1993 aka sake kafa ta, aka koma cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi tun daga tushe. Cikin shekara goma sha biyar an sauya mai biyan malamin firamare sau huɗu. Hukumar da ta kasa tsayar da albashin malaman da ta ɗauka da hannunta ba za ta waiwayi waɗanda ba ta ɗauka ba.

Gini ba albashi

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, kuma dokar ta ambaci almajirai cikin waɗanda shirin ya shafa. Sai dai kuɗin na gini ne da kayan aiki da horo. Ba a tsara shi don albashin malaman dindindin ba. Albashi yana nan a wuyan ƙananan hukumomi, ana cire shi daga asusun haɗin gwiwa da jiha, hukumar SUBEB tana biya.

Wannan rabon aiki shi ya bayyana abin da ya faru da makarantun almajirai sama da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012. Tarayya ta yi gini ta miƙa wa jihohi. Ciyarwa da albashi suka rage wa wanda bai nemi ginin ba, da yawa daga cikinsu suka koma kango ko aka mayar da su wani abu dabam. Gini ana yin sa sau ɗaya a yanke ƙyalle, albashi kuwa kowane wata yake dawowa har ma'aikaci ya yi ritaya ya koma fansho.

A Jigawa abin da ya fi tasiri bai yi amo irin wannan ba. Makarantun Islamiyya da suka yi rajista, suka karɓi manhajar boko, hukuma takan tura musu malaman Ingilishi da lissafi da kimiyya waɗanda take biya, kuma 'yan mata ne suka fi cika irin waɗannan makarantu. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya gwada koyar da darussan boko ga ɗaliban tsangaya a Kano da Jigawa da Kaduna ta hanyar matasan unguwa da ake ba ɗan alawus. Jihar tana da hukuma ta musamman mai kula da ilimin addinin Musulunci. Ta kuma ɓullo da shirin J-Teach, inda ake ɗaukar masu takardar malanta a kan alawus, daga baya aka mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin. Gwamnatin Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta kafa hukumar kula da tsangayu, tarayya ma ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023.

Idan aka duba da kyau, sharaɗin 1854 ne yake aiki har yau. A cikin Islamiyya guda, malamin lissafi da hukuma ta turo yana kan ma'aunin albashi, yana da ƙarin girma da fansho. Malamar da take koyar da Tajwidi a ajin da ke kusa da nasa, in ba ta da takardar NCE da gurbin aiki, tana karɓar abin da kwamitin iyaye ya iya tarawa, wanda sau da yawa bai kai ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba.

Yadda maƙwabta suka yi

Daga Maigatari, idan aka tsallaka iyaka, tsarin dabam ne. Nijar ta buɗe madarasar gwamnati ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Sayi a 1957, kuma irin waɗannan makarantu sun zama reshe na ilimin gwamnati, malamansu na Larabci ma'aikata ne. Amma makarantar allo ta Damagaram, kamar ta Gumel, jama'a ne suke riƙe da ita.

A Gana, inda Hausawan zango suka daɗe da makarantunsu, gwamnati ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a 1987, daidai da sassan da coci-coci suke da su. Mai makaranta yana riƙe da makarantarsa, gwamnati tana turo malamai tana biyansu. Duk da haka matsayin malaman Larabci marasa takardar horo ya ci gaba da zama abin jayayya. A Sudan kuwa, tun shekarun 1920 Turawa suka gwada ba malaman halwa ɗan albashi bisa sharaɗin su ƙara lissafi da rubutu, makarantun suka yawaita, ingancinsu bai bi yawan ba, daga baya aka karkata ga makarantun elementare.

Indiya ta rubuta maganar a kundin tsarin mulkinta: ba za a nuna wa makaranta bambanci wajen tallafi don tsirarun addini ko harshe ne suke tafiyar da ita ba, kuma ba za a tilasta wa yaro darasin addini a makarantar da take karɓar kuɗin gwamnati ba. Jihohi irin su Uttar Pradesh suna biyan albashin malamai a makarantun Sanskirit da madarasu da ke cikin jerin masu tallafi. Rikicin can ya koma kan wace makaranta ce za ta shiga jerin, da wane matakin aji tallafin ya shafa, da kuma makomar malaman da aka ɗauka a kan alawus.

Abin da ya rage a warware

Wannan tarihi ya nuna cewa abubuwa uku ne suke tsayar da maganar duk lokacin da ta taso. Na farko ma'auni. Gwani wanda ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya yi shekaru ashirin ko fiye yana karatu, amma a tsarin aikin gwamnati ba shi da matakin da za a ɗora shi. Muddin ba a samar da hanyar tantance wannan ilimi a ba shi daraja a ma'aunin albashi ba, abin da za a iya ba shi alawus ne, alawus kuwa yana tafiya da gwamnatin da ta kawo shi.

Na biyu 'yanci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashi yana zuwa da rajista da sufeto da jadawali da canjin wurin aiki, kuma akwai alarammomin da suke ganin karɓarsa sayar da tsangaya ne. Tsoronsu yana da tushe, domin sun ga yadda aka karɓe makarantun ƙungiyoyi a shekarun 1970. Akwai kuma masu kafa hujja da sashe na 10 na kundin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, ko da yake makarantun gwamnati sun daɗe suna biyan malaman addinin Musulunci da na Kirista ba tare da an ce an saɓa masa ba.

Na uku asusu. Albashin malaman firamare yana daga cikin manyan abubuwan da ke cinye kason ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana gargaɗin kada a mayar da albashin 'ya'yanta hannun ƙananan hukumomi, domin ba ta manta da 1991 ba. Idan hukuncin ya tabbata a aikace yadda aka yanke shi, shugabannin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar za su tsinci kansu a inda En'en Gumel ta tsaya shekara ɗari da suka wuce: ƙaramin baitulmali, yara masu yawa, da malamai iri uku.

Bambancin shi ne a wancan lokaci gero da zumunci suna iya riƙe malamin da hukuma ta bari a waje. Yau gonar ta tsuke, iyalai sun yawaita, kuɗin Laraba ba ya sayen mudun gero. Duk abin da hukuma ba ta biya ba, kuma iyaye suka kasa biya, yaron da ke riƙe da roba a tashar Gumel ko a kasuwar Alhamis ta Maigatari shi ne yake biyansa.